Na sauya wa Baba rediyon mota da hannuna

Assalamu alaikum jama'a. Yau ba daga Birmingham nake muku magana ba, ga ni a ƙofar gidanmu a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi, hutu na zo. Auta ne riƙe da waya, in kun ga hoto na rawa ku yi kuka da shi.

Ga motar Baba, Corolla 2007, 'yar Amurka ce da ta biyo ta Kwatano. Shekara da shekaru yana cewa rediyonta na tsallake masa BRC, gidan rediyon jihar Bauchi. Ba lalacewa ta yi ba. Rediyon da aka ƙera don Amurka tsalle bibbiyu take yi a FM, daga 94.5 sai 94.7, ita kuwa BRC tana kan 94.6. Globe FM da ke 98.5 tana shigowa tsaf, BRC kuwa sai shuuu kamar ana suya. Shi ya sa na sayo masa sabuwa mai allo da Bluetooth. A Ingila kuɗin aikin hannu ya isa ya koya wa mutum sana'ar dole, can na koyi wannan.

Kafin komai, a cire kan batir, na baƙar waya. Sufana lamba 10. Auta, matso da kyamara su gani.

Buɗe dashbod ba wuya, sai dai robar ta sha ranar Bauchi ta bushe, in ka sa mata ƙarfi ta karye. Na naɗe bakin sukundireba da tsumma, na ɗaga murfin wajen giya, na zare maɓallin tsakiya na AC, akwai sukuru ɗaya a ɓoye a bayansa. Sai kusoshi huɗu, su ma lamba 10, rediyo ta fito.

To nan ne wurin da nake so ku saurara. Kada ku yanke wayar mota! Na san aikin wasu masu riwaya: a datse soket, a murɗe waya da waya, a naɗe da salatif, bayan wata biyu zafi ya narkar da shi, fis ya dinga ƙonewa. Akwai ɗan soket na haɗi da ake sayarwa, bakinsa ya dace da na Toyota, mai ƙafa 10 da mai ƙafa 6. Shi za ka haɗa da wayoyin sabuwar rediyo kana zaune a kan tabarma, launi da launi. Rawaya ita ce wutar batir da ba ta ɗaukewa, ja sai an murɗa makulli, baƙa ta jikin mota. Sifiku kuma: fara gaba hagu, toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama, kowace tana da 'yar uwa mai baƙin layi, ita ce negatif.

Ina ta wannan bayani kamar malami, ashe ni na cakuɗa rawaya da ja. Mun kunna, ta kawo, na saita agogo da tashoshi. Muka kashe mota, muka sake kunnawa, komai ya goge. Auta ya ce, "Yaya, a bar wannan a bidiyon ko a yanke?" Bar shi. Rawayar ce ke riƙe wa rediyo ƙwaƙwalwa, in ka ga tana mantuwa, can za ka duba. Allah ya so ban mayar da dashbod ba tukuna, minti biyar na gyara.

Ramin Toyota ya ɗan fi sabuwar rediyon faɗi, sai da na sa firam ɗin da na taho da shi. A cikin saituna kuma na mayar da yanki daga Amurka zuwa Turai, tsallen ya koma daidai.

Ga Baba ya fito daga la'asar. Baba, bismillah, a shiga a gwada. Na nuna masa taswira, na nuna masa yadda zai amsa kira ba tare da ya taɓa waya ba, ko kallon allon bai yi ba. Cewa ya yi, "Kai, kamo min BRC." Na danna 94.6, murya ta fito garau. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi albarka, sannan ya tambayi inda zai zura faifan karatun da yake ji in zai je Jos. Wannan ba ta da ramin faifai, Baba.

Auta, kashe kyamarar ka ɗauko min filashin da ke cikin jakata.