Amsoshin Tambayoyinku: Jiki Zafi Rau, Amma Yaro Na Rawar Sanyi

Jama'a masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsa tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware yau masu aiko su ba su san juna ba, amma duk abu guda suke zagayawa, wato yadda jiki ke riƙe daidaitonsa na ciki komai sauyin da ake yi a waje.

Ta farko daga wata uwa ce. Ta ce idan zazzaɓi ya kama ɗanta, goshinsa ba ya taɓuwa don zafi, amma sai ya dinga karkarwa, haƙora na haɗuwa, yana kukan a lulluɓe shi. Yaya mai zafi haka zai ji sanyi?

To Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da bai fi kan ɗan yatsa girma ba, likitoci na kiransa haifotalamus. Shi ke tsare da mizanin zafin jiki, wanda ga mai lafiya yake kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Jinin da ke ratsa shi da saƙon da jijiyoyin fata ke kai masa, su ke ba shi labarin halin da ake ciki. In zafi ya haura, sai ya buɗe hanyoyin jinin da ke kusa da fata, ya saki gumi, gumin ya bushe ya tafi da zafin. In ya sauka, sai ya tsuke waɗannan hanyoyin, tafin hannu da na ƙafa su yi sanyi ƙalau, tsikar jiki ta tashi, tsoka ta kama karkarwa don ta samar da ɗumi.

Da ƙwayar cuta ta shiga jiki, dakarun garkuwar jiki kan saki wasu sinadarai da ke ɗaga wannan mizanin, a ce zuwa 39. A lokacin jikin yaron yana 38. Ke da kika taɓa shi kin ji wuta, amma ƙwaƙwalwarsa gani take saura digiri ɗaya a cike, don haka ta sa shi rawar sanyi har ya kai can. Sanyin da yake ji na gaske ne, ba shagwaɓa ba ce. Idan kuma mizanin ya koma 37, ko don jiki ya ci ƙarfin cutar ko don an ba shi farasitamol, sai labari ya juye: yanzu jikin ya yi wa ƙwaƙwalwa zafi, sai ki ga gumi sharkaf, rigarsa ta jiƙe, ya ture mayafin da kansa.

Shi ya sa ba na goyon bayan jibga masa barguna, haka ma kwara masa ruwan ƙanƙara, domin wannan ƙara masa karkarwa zai yi. Tufafi marasa nauyi, ruwan sha a kai a kai, sannan a je a gwada a gano abin da ya kawo zazzaɓin, tunda shi alama ne, cutar tana can. Jariri da bai kai wata 3 ba kuwa, in zafinsa ya kai 38, ba a jira gari ya waye.

Sai wani ɗalibin sakandare da ya ci karo da kalmar homiyostasis, wato wannan riƙe daidaiton cikin jiki, a darasin nazarin halittu. Yana tambaya ko ana nufin babu abin da ke canzawa a cikin jiki ke nan.

A'a ɗan'uwa, canji ma ba ya tsayawa. Dubi mai tuƙa keke: daga nesa ka ce a miƙe sambal yake tafiya, amma matsa kusa ka ga hannunsa bai daina karkata kan keken hagu da dama ba. Zafin jikinka kansa yakan yi ƙasa da asuba, ya ɗan hau da yamma. Abin da jiki ke yi shi ne ya ji an kauce, ya mayar, kuma gyaran da ya yi shi ke kashe umarnin gyaran. Masanin Faransa Claude Bernard ne, a ƙarni na 19, ya fara jan hankali cewa ƙwayoyin halittarmu suna zaune ne cikin wani ruwa na cikin jiki da dole yanayinsa ya tsaya daidai. Kalmar da ka gani kuma Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ne ya ƙirƙiro ta a 1926. In malaminku ya nemi misalin inda jiki ke yin akasin haka, ka ba shi naƙuda: matsawar kan jariri na sa a saki sinadarin oksitosin, shi kuma ya ƙara ƙarfin naƙudar, abin ya yi ta hauhawa har a haihu.

Wasiƙa ta uku doguwa ce, daga wani magidanci da aka gano yana da ciwon sukari. Abin da ya dame shi a taƙaice: me ya haɗa sukari da yawan fitsari da ƙishirwar da ba ta yankewa?

Malam, sannu da jiki. Mu fara da abin da ke ba mutane mamaki. Duk sukarin da ke yawo a jinin baligi mai lafiya kafin ya karya, gaba ɗayansa bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, cikin jini kusan lita 5. A na'urar gwaji shi ne kake ganin 70 zuwa 100. Mai tsaron wannan iyaka wata gaɓa ce a bayan tumbi, fankiriyas. Bayan an ci abinci takan saki insulin, wanda ke sa tsoka da kitse su zuƙe sukarin, hanta kuma ta adana shi. In an daɗe ba a ci ba, sai ta saki wani sinadarin, gulukagon, hanta ta fito da ajiyarta. Wannan ne ya sa mutum ke kwana bai ci komai ba ya tashi garau.

In insulin ya yi ƙaranci ko jiki ya daina jin maganarsa, sukari sai ya taru. A nan ƙoda ke shigowa. Ƙodojinka biyu na tace ruwa kusan lita 180 a kullum, amma su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari bai fi lita 1 zuwa 2 ba. Sukarin da aka tace ma mayar da shi suke yi tas. Sai dai ƙarfinsu na da iyaka: da zarar awon sukarin jini a na'urar gwaji ya wuce wajen 180, ragowar sai ta bi fitsari, ta ja ruwa ta tafi da shi. Jini ya yi kauri, ƙwaƙwalwa ta ji, ta tayar da ƙishirwa. Saboda haka kada ka rage shan ruwa don gudun tashi cikin dare, ruwan ba shi ne mai laifi ba. Sukarin za a saukar, da magani da tsarin abinci yadda likitanka ya tsara. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Toronto ta Kanada, yaron da nau'in farko na wannan ciwo ya kama, wato wanda jiki ke daina samar da insulin, da wuya ya daɗe a raye.

Wata malamar firamare kuma ta ce yaranta sun ƙure ta: me ya sa ƙadangare ke shanya kansa a rana da safe?

Malama, ki ce musu jikinsa ba ya samar da isasshen ɗumi daga ciki kamar namu, shi ya sa da ƙafarsa yake daidaita zafinsa. Da safe ya baje a kan dutse har ya ɗumama, rana ta take ya shige inuwa. Ki ƙara musu da raƙumi, wanda dabararsa ta fi burge ni. In ruwa ya yi masa wuya, yakan bar zafin jikinsa ya sauka zuwa wajen 34 da dare, ya hau har ya wuce 40 da rana, don kada ya ɓarnatar da ruwa wajen gumi. Dare ya yi, zafin da ya tara ya fice a banza.

Ta ƙarshe gajera ce: me ya sa mutum ba ya iya riƙe numfashi ya daɗe? Yawanci ana zaton ƙarewar oksijin ce ke tilasta shi. Abin da ke fara damun ƙwaƙwalwa taruwar iskar kabon dayoksaid ce, wadda ke ƙara wa jini tsami, alhali awon tsaminsa tsakanin 7.35 da 7.45 kawai ake so ya tsaya. Don haka masu ninƙaya da ke sauke numfashi da sauri kafin su nutsa su yi hattara: suna kashe gargaɗin ne, oksijin ɗinsu bai ƙaru da wani abin kirki ba, mutum na iya suma a ƙarƙashin ruwa bai ji buƙatar ɗagowa ba.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.