Akwatin da ke kashe makunninsa: lacca kan aisi 555 da darasin da ke cikin abin wasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, ɗalibai maza da mata, da masu gyaran rediyo da waya da na hango can layin baya, barkanmu da war haka.

Abin da ke kan teburin nan akwatin katako ne, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba, da makunni ɗaya tak a samansa. Ku duba. Na kunna. Murfi ya ɗaga, ɗan yatsa ya leƙo, ya ture makunnin ya mayar da shi inda yake, ya koma ciki, murfi ya rufe. Iyakar aikinsa ke nan. Na ga wasu na dariya, kuma abin dariya ne, amma ina so kafin mu tashi kowa ya iya haɗa irinsa da hannunsa, domin na daɗe ban ga abin da ke koya wa mai koyo aikin lantarki da sauri kamar wannan akwati ba.

Manyan masana ne suka faro shi. A shekarar 1952 wani ɗalibi mai suna Marvin Minsky, wanda daga baya ya shiga sahun farko na masu binciken ƙirƙirarriyar basira, ya je aiki na ɗan lokaci a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka. A can ya kawo shawarar na'urar da ba ta da wani aiki sai kashe makunninta. Claude Shannon ya ji abin ya burge shi, ya sa aka ƙera, ya ajiye a kan teburinsa. Shannon ɗin nan shi ne a 1937 ya nuna a kundin digirinsa na biyu cewa ana iya yin lissafin "e" da "a'a" da makunnai da rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa), abin da duk kwamfutar duniya ke tsaye a kansa yau, kuma shi ne a 1948 ya kafa ilimin auna bayanai da aika su. Mutumin da ya san makunni irin wannan sani, shi ne ya ga akwatin ya cancanci zama a gabansa.

To ga tambayar da nake so ku riƙe. Lokacin da yatsan ya ture makunni, ai ya kashe wuta. Da me ya koma ciki? Wa ya ba shi ƙarfin ja da baya har murfi ya rufe? Duk wanda ya amsa wannan ya gama fahimtar akwatin. Ture makunni abu ne mai sauƙi, kowane ɗan mota na lantarki mai ƙarfi zai yi. Komawa gida bayan an kashe, a nan basirar take.

Amsar ita ce akwai makunni na biyu a ɓoye a ciki, ɗan ƙarami mai harshen ƙarfe, irin wanda in ka danna za ka ji ya yi "ƙas". An dasa shi daidai inda yatsan ke kwanciya. Muddin yatsan na kwance a kansa, a buɗe yake, wuta ba ta wucewa. Da yatsan ya ɗaga ko kaɗan, sai ya rufe, ya zama hanya ta biyu da wuta ke bi. Saboda haka ko an kashe makunnin sama, na ƙasa yana riƙe da wutar har sai yatsan ya dawo ya danne shi. A lokacin ne komai ke mutuwa gaba ɗaya, batir ba ya zubar da ko ɗigo.

Yanzu mu zo kan abin da ke motsa yatsan. Ana iya yi da ɗan mota mai giya kawai, a riƙa juya masa waya, kuma yana aiki. Ni na fi son sarbo, wato ɗan mota mai hannu da ke juyawa, irin ƙaramin nan shuɗi da ake kira SG90, domin shi ana gaya masa inda zai tsaya. Wayoyinsa uku ne: mai ruwan ƙasa ta koma-baya ce, wato gefen nagatif na batir, ja ta wuta ce, mai ruwan lemo kuma ita ke karɓar umarni. Umarnin bugun wuta ne gajere da ake maimaitawa kusan sau 50 a sakan guda. Idan tsawon bugun ya kai milisakan 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, sai hannun sarbo ya tafi wannan gefe. Idan ya kai milisakan 2, ya tafi wancan gefe. Milisakan 1.5 kuma tsakiya. Ke nan abin da muke nema shi ne wani abu da zai riƙa bugawa a kan lokaci, wanda kuma makunni zai iya sauya tsawon bugunsa.

A nan aisi 555 ke shigowa, wato 'yar na'urar lantarki mai ƙirga lokaci. Wani injiniya haifaffen Suwizalan, Hans Camenzind, shi ya zana ta a 1971 wa kamfanin Signetics, ta shiga kasuwa a 1972, kuma har yau ana ƙera ta ana saye. Ƙafafu takwas gare ta, tana aiki da wuta daga volt 4.5 zuwa wajen 15, don haka batir huɗu masu girman AA, da ke ba da volt 6, sun ishe ta ita da sarbo tare.

Yadda take ƙirga lokaci, ku ɗauki kafasita a matsayin randa, rizisto kuma bututun da ruwa ke bi. Siririn bututu yana jinkirta cika, babbar randa ma haka. A cikin aisin akwai rizisto uku masu daraja ɗaya da suka raba wutar batir gida uku, suka yi wa randar alama biyu: ɗaya a sulusi, ɗaya a sulusi biyu. Ruwa na hawa har ya taɓa alamar sama, sai aisi ta buɗe magudana ta ƙafa ta 7, ruwa ya fara sauka. Ya taɓa alamar ƙasa, ta toshe magudanar, a sake cikawa. Yayin cikawa ƙafa ta 3 tana ba da wuta, yayin zubarwa tana ɗaukewa. Kuma da yake alamomin kaso ne na wutar batir, ko batir ya ɗan yi sanyi lokacin ba ya sauyawa sosai. Wannan dabara ita ta sa aisin ta yi tsawon rai.

Masu rubutu ku shirya, ga haɗin. Ƙafa ta 1 zuwa koma-baya. Ƙafa ta 8 da ta 4 zuwa wuta. Ƙafa ta 2 da ta 6 a haɗe su wuri ɗaya, daga nan kafasita mai lamba 104, wato maikrofarad 0.1, ta sauka zuwa koma-baya. Tsakanin wuta da ƙafa ta 7 a sa rizisto 270k (k na nufin om dubu), mai zanen ja, shunayya, rawaya. Tsakanin ƙafa ta 7 da ta 6 kuma a jera biyu, ɗaya bayan ɗaya: 15k da 12k. Ƙafa ta 5 a ba ta 'yar kafasita mai lamba 103 zuwa koma-baya don ta natsu. Ana gane ƙafa ta 1 da ɗan ɗigon da ke kusurwar aisin, daga ita ake ƙirgawa ana zagayawa saɓanin tafiyar hannun agogo.

Lissafin ba shi da wuya. Lokacin zubarwa shi ne 0.693 sau rizistan da ke tsakanin ƙafa ta 7 da ta 6, sau kafasita. In 15k ce kaɗai, ya ba mu milisakan 1.04. In an haɗa da 12k suka zama 27k, ya ba mu 1.87. Kun ga lambobin da sarbo ke nema sun fito. Lokacin cikawa kuwa, da yake sai ruwan ya ratsa 270k tukuna, yana kai wajen milisakan 20, wanda shi ne tazarar da ake so tsakanin bugu da bugu.

Sai dai akwai cikas guda, kuma a nan ɗalibai da yawa ke tsayawa su ce sarbo ɗinsu ya lalace. Gajeren lokacin nan da muka samu, lokacin ɗaukewar wuta ne a ƙafa ta 3, alhali sarbo gajeren lokacin bayarwa yake so. Abin a kife yake. Maganinsa taransisto ɗaya, BC547 ko makamanciyarta, mai ƙafa uku: emita, ta tsakiya, da kalekta. Daga ƙafa ta 3 a bi ta rizisto 10k zuwa ƙafarta ta tsakiya, emita zuwa koma-baya, kalekta kuma a ɗaure ta da wuta ta rizisto 4.7k, daga kalektar a ja waya zuwa mai ruwan lemo ta sarbo. In aisi ta bayar, taransisto ta ɗauke. In ta ɗauke, taransisto ta bayar. Wasu diyod suke sawa a madadin haka, kuma yana yi, amma diyod tana cin wani abu daga wutar, sai lissafin takarda ya daina dacewa da abin da ake gani. Ga mai koyo na fi son hanyar da in ya lissafa zai ga abin da ya lissafa.

Makunnin sama dole ya zama mai ƙafa shida, wato makunni biyu ne a jiki ɗaya. Ɓangare na farko yana ba da wuta in an kunna, kuma a jone yake kafaɗa da kafaɗa da ɓoyayyen makunnin nan. Ɓangare na biyu an ɗaura shi a kan 12k, ta yadda in makunni na kashe zai tsallake ta, 15k kaɗai ta rage. Yanzu ku bi tafiyar da ni. Ka kunna, wuta ta shigo, bugu ya zama 1.87, yatsa ya fito. Da fitowarsa ɓoyayyen makunni ya rufe. Yatsa ya ture na sama, ɓangaren farko ya yanke, amma wuta na nan ta ɗaya hanyar, ɓangare na biyu kuma ya tsallake 12k, bugu ya koma 1.04. Yatsa ya juya, ya sauka, ya danne harshen ƙarfen, wuta ta ɗauke. In ka haɗa ka ga yatsan na tafiya a juye, ka mayar da wayar 12k kan ɗaya ƙafar makunnin, ko ka juya zaman sarbo.

Gaskiyar magana, wayoyin ba sa ɗaukar lokaci. Katako da yatsa su ke cinye yini. SG90 ƙarfinsa bai kai kilo biyu ba a nisan santimita ɗaya daga gindinsa, kuma duk ƙarin tsawon yatsa raguwar ƙarfi ne. Don haka kafin ka biya kuɗin makunni, ka sa shi a hannu ka gwada, ka zaɓi mai laushi. Yatsan a yanka shi lanƙwasasshe kamar baka, a fara gwadawa da kwali kafin a taɓa falanki, kuma ya bugi makunnin a can ƙarshen sandarsa, inda ya fi sauƙin turewa. Murfi ya zama marar nauyi. In yatsa ya kasa ture makunni, sarbo zai tsaya yana gurnani yana zafi, batir na ƙonewa a banza. Ka cire batir nan take. Shawarata ku sa rizisto mai juyawa ta 20k a gurbin 12k, ku riƙa murɗawa a hankali har yatsan ya kai daidai inda zai ture ba tare da ya wuce ba. Kafasita 104 ɗin ma ku nemi koriyar nan ta roba, ta fi 'yar faifan tangaran riƙe darajarta.

In kun ga yatsa na karkarwa, yawanci sarbo ne ke fizgar wuta yana rikita aisin. Kafasita mai maikrofarad 470 a tsakanin wuta da koma-baya, kusa da aisin, tana kwantar da shi, a dai lura da ƙafarta mai zane ta tafi koma-baya. Kuma ina roƙonku, wannan aikin batir ne. Kada kowa ya kusantar da shi da wutar gida.

Kayan duka ana samunsu wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, irin na kasuwar Sabon Gari a Kano, rizisto da taransisto kuwa ko a mataccen rediyo za ka cire. Abin da ke damuna shi ne yaro ya gama makarantar fasaha ya haddace 0.693, amma bai taɓa ganin lambar ta motsa komai ba. A wannan akwati, in ya sauya rizisto ɗaya, yatsa zai sauya wurin tsayawa a gaban idonsa. Kuma dabarar riƙe wuta har aiki ya kammala ita ce a cikin ƙofar gareji mai tsayawa da kanta in ta kai ƙarshe, ita ce a goge-gilashin mota, wanda ko ka kashe shi a tsakiyar gilashi sai ya sauka ya kwanta kafin ya tsaya. Makanikan da ke nan sun san wannan makunnin a cikin motar waifa.

Na ga hannu a baya. Bismillah, Malam.

Malam yana tambaya ko za a iya sa akwatin ya ɗan jira kafin yatsan ya fito. Ana iyawa, ranka ya daɗe. Sai a ƙara 555 ta biyu a haɗin da take yin bugu ɗaya ta tsaya, inda lokacin yake 1.1 sau rizisto sau kafasita. 100k da maikrofarad 10 za su ba ka sakan ɗaya da ɗan ɗoriya. Ita za ta tuƙa ƙaramin rile da zai ci gaba da tsallake 12k har lokacin ya cika, sannan ya saki. Akwai ma aisi 556 mai ƙafa 14, wadda 555 biyu ce a jiki guda. Amma a fara gama na farkon ya yi aiki tukuna. Allunan gwaji suna kan teburin gefe, ku kasu uku-uku, kowane rukuni ya fara da auna rizistocinsa da mita kafin ya soka ko ɗaya.