Sharhi: Wa ke cin masu cin ɗanyen mai a Ogoni?

Jama'a masu saurare, duk lokacin da aka tayar da maganar malalar mai a Neja Delta, sai ka ji wani ya ce a yi haƙuri, ai ƙasa za ta wanke kanta. Wai akwai ƙwayoyin bakteriya masu cin ɗanyen mai, a juya ƙasa, a watsa taki, shi ke nan. Wallahi wannan magana ta ishe ni.

Akwai su, ba musu. Irin su Alcanivorax a teku da Pseudomonas a cikin ƙasa suna narka mai. To amma su ma suna da masu farautarsu, wato ƙwayoyin bairos da masana ke kira bakteriyofej. Bairos ɗin yakan manne a jikin bakteriya, ya ɗura mata ƙwayoyin halittarsa, ya hayayyafa a cikinta har ta fashe. Duk inda masu cin man suka taru da yawa, nan ne bairos ke samun ganima. Wani lokacin kuma sai ya lafe a cikinta shiru, ko ya ɗauko ƙwayar halitta daga wannan bakteriya ya kai wa waccan. Wanda ya watsa taki ya kama gabansa bai san wa ke cin wa a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Bai sani ba!

Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya faɗa ƙarara cewa wannan hanya ta juya ƙasa da watsa taki ba ta yi aiki a yankin Ogoni na jihar Ribas ba. Man ya nutse fiye da mita 5 a wasu wurare. A Nsisioken Ogale, a lokacin, mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin (wata guba da ke cikin ɗanyen mai) sama da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. Gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Za a ce binciken bairos hira ce ta 'yan boko, talaka ruwa yake so. Haba! Ruwan zai tsarkaka ne idan masu tsarkake shi suna mutuwa ba a lura ba?

Ya kamata HYPREP, hukumar gwamnatin tarayya mai aikin tsabtace Ogoni, ta sa a riƙa auna bakteriya da bairos tare a kowane fili, kafin aiki da bayansa, a ba jami'o'in Fatakwal da na Arewa kuɗin yin hakan. Tun 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, gefen gonakin mutane. A auna ƙasar can tun yanzu, kafin bututu ya fashe.