Ubangida Ɗaya Ko Masoya Ɗari Uku: Lacca Ga Matasan Mawaƙan Zango A Kumasi

An rubuto wannan daga naɗin muryar wata lacca da aka yi wa matasan mawaƙa a Aboabo, Kumasi. An bar maganar yadda ta fito daga bakin mai ita.

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To a ɗan ƙara wa na'urar murya. Yawwa.

Malam shugaban taro, iyayenmu da ke gaba, Hajiyoyi, samari da 'yan mata, barkanmu da yamma. An ce in yi magana a kan mawaƙin da ba shi da kamfani, ba shi da mai ɗaukar nauyinsa, ta yaya zai ci abinci da waƙarsa. Abu huɗu na rubuto a takardar nan: intanet, masoya, shirya wasa, sai haƙƙin mallaka. In na zarce lokaci, Malam, ka ja mini riga.

Na farko, intanet, kuma ba zan daɗe a kansa ba don labarin ba daɗi. Spotify ya shigo Ghana a watan Fabrairun 2021, ya tarar da Boomplay da Audiomack a wayoyin mutane. Abin da ake biya a sauraro ɗaya bai kai santi ɗaya na dalar Amurka ba, kuma sauraron da aka yi daga nan ya fi na Ingila ko Amurka arha, don kuɗin rajistarmu kaɗan ne. Daga 2024 ma Spotify ya ce waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta da ko sisi. YouTube kuwa, kafin ka fara cin kuɗin talla sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Sannan mu a Zango yaya muke jin waƙa? A turo maka ta WhatsApp, ka tura wa ƙaninka ta Xender, mai shagon waya ya zuba wa direba a memori. Waƙarka na tashi a kowane lungu daga Asawase har Tafo, kai kuma kana tsaye bakin titi kana lissafin kuɗin motar trotro. Ku sa waƙoƙinku a can, ban hana ba, amma ku ɗauke shi talla ne.

Na biyu, masoya. Nan ne zan zauna, ku yi haƙuri da ni.

A 2008 wani marubuci Ba'amurke, Kevin Kelly, ya kawo wata shawara da ta zaga duniya. Ya ce mai fasaha ba ya bukatar miliyoyin mutane, in ya samu masoya na gaskiya 1,000, kowa na kashe masa dala 100 a shekara, ya samu dala 100,000, ya rayu. Bayan nan aka buɗe shafin tara kuɗi daga hannun masoya mai suna Kickstarter a 2009, aka buɗe Patreon a 2013, inda masoyi ke biyan wani abu duk wata. Turawa suka yi ta murna sun gano sabon abu. To, Hajiya, ke da kike dariya a can, me kike yi ranar aure in mai waƙa ya kira sunanki? Liƙi! Kin tashi, kin gyara mayafi, kin manna masa sidi biyar-biyar a goshi, yaronsa na durƙushe yana tsincewa yana zubawa a leda, sanƙira na ihu yana faɗin 'yar wace ce ke. Mu mun gaji abin nan tun kaka da kakanni.

Amma a cikin gadon namu hanya biyu ce, kuma ina so ku bambance su. Akwai makaɗan fada. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne. Ubangida ɗaya, shi ke ba da doki, shi ke ba da riga, shi ke ba da hatsi. Waƙa ta yi kyau, har yau ana nazarinta a jami'o'i, amma bakinka na wurin mai ba ka. Sannan akwai makaɗan jama'a. Mamman Shata, Allah Ya jiƙansa, ya rasu 1999, ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa 'yan kasuwa, ya yi wa direbobi, ya yi wa wanda ya ga dama, ya kuma zagi wanda ya ga dama. Me ya ba shi wannan bakin? Ba mutum ɗaya ke ciyar da shi ba. Ɗan Maraya Jos, shi da ɗan kuntiginsa, yaran mota da talakawa ya yi wa waƙa, har ya zaga duniya.

Yanzu ku dubi kanku. Yawancin yaranmu hanyar fada suke nema, alhali fadar ma babu. Ana neman Alhaji ɗaya da ya dawo daga Jamus ko Italiya ya biya kuɗin situdiyo. Ko a jira shekarar zaɓe, ɗan takara ya ba da kuɗin waƙar kamfen. Zaɓen Ghana duk shekara huɗu ne, a Disamba. Sauran shekara ukun fa, me za ka ci? Kuma ranar da ka yi wa wannan jam'iyya waƙa, rabin Zango sun daina gaishe ka. Kun san haka, ba sai na kira suna ba, ga shi har wasu na sunkuyar da kai.

Ubangida ɗaya in ya yi fushi, ka mutu. In kasuwarsa ta karye, ka mutu. In ya ƙara aure, ka mutu! Amma mutum ɗari uku ba sa fushi rana ɗaya.

Bari mu yi lissafi, misali ne kawai. Mu bar dubun Bature, mu ce mutum 300. Kowa ya turo maka sidi 10 a wata. Nawa ke nan? Kai mai jar hula. 3,000, madalla, ka fi ni lissafi. Sidi 3,000 duk wata, ba ka roƙi kowa ba, ba ka rera wa ɗan siyasa baiti ko ɗaya ba. Kuma hanyar turowa tana aljihun kowa. MTN ya fara MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a ƙasar nan tun 2009, yau mai sayar da koko ma tana da lamba a manne jikin teburinta. Harajin tura kuɗi ta waya, wato E-Levy, da aka sa a 2022, kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, an soke shi a 2025. Wannan uzurin ma ya tafi.

Matsalar ita ce, su wa ne ɗari ukun? In na ce yanzu ka rubuta mini sunan mutum hamsin da ke son waƙarka, da lambarsu, da unguwarsu, mutum nawa ne a ɗakin nan zai iya? Za ka ce mini kana da mabiya dubu ashirin a TikTok. Ba naka ba ne, na TikTok ne. Gobe in aka rufe shafin, shi ke nan. Ku je ku kalli mai waakye, wato shinkafa da wake, ta bakin layinku. Ta san wanda ke son shito da yawa, ta san mai cin bashi ya biya ran Juma'a, in ba ta ga mutum kwana biyu ba sai ta aika a tambayi lafiyarsa. Haka nake so mawaƙi ya san masoyansa. Buɗe zaure a WhatsApp. Wanda ya turo kuɗi, shi zai fara jin sabuwar waƙa kafin kowa. Matarsa ta haihu, ka je suna. Ya yi rashi, ka je ta'aziyya, kuma kada ka je da kyamara.

Su wa ne ɗari ukun? Na sake tambaya don ita ce laccar gaba ɗaya. Ba a Aboabo kaɗai suke ba. Akwai 'yan Zango a Hambog, akwai a Bronx ta Niyok, akwai a Saudiyya da Kuwait, suna kewar gida, suna so su ji an ambaci layin da aka haife su. Wanda ke can, sidi goma ba komai ba ce a wurinsa. Amma ba zai turo wa wanda bai taɓa amsa masa saƙo ba.

Sai dai akwai amana a ciki. Kun tuna a 2020 Dauda Kahutu Rarara a Najeriya ya ce masoya su turo naira dubu-dubu kafin ya saki sabuwar waƙar Buhari. Mutane suka turo, surutu kuma ya biyo baya, ana ta tambayar nawa aka tara, ina aka kai. Darasi biyu ne a nan: talaka zai biya in yana son ka, kuma talaka zai tambaya. In ka ce za ka tara sidi dubu biyar don bidiyo, ka nuna abin da ya shigo, ka nuna abin da aka ba mai kyamara, ka fitar da bidiyon a ranar da ka faɗa. In aka gan ka da sabuwar iPhone bidiyo bai fito ba, kai da liƙi sai a lahira.

Wani zai ce ai da Hausa muke waƙa, kasuwar Ghana ta Twi ce da Turancin buroka. Ku je Tamale. Fancy Gadam da Dagbanci yake waƙa, ya cika filin ƙwallon Tamale da mutanen garinsu tun kafin gidajen rediyon Accra su waiwaye shi, a 2018 kuma waƙarsa da Sarkodie ta ci waƙar shekara a gasar mawaƙan Ghana. Nan Kumasi, yaran da ke salon waƙar da ake kira Asakaa, su O'Kenneth da Jay Bahd da Yaw Tog, a 2020 suka tashi daga unguwanninsu, suka sa wa garin suna Kumerica, har Stormzy daga Ingila ya shiga waƙar Yaw Tog a 2021. Black Sherif kuwa ɗan Zangon Konongo ne, ga Konongo nan kan hanyar Accra, a 2023 ya zama gwarzon mawaƙin shekara. Duk cikinsu gida ne ya fara ɗaga su. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na huɗu... a'a, na uku ne? Na uku. Malam ya fara duba agogo. Shirya wasa.

Ƙasar nan ta taɓa rasa wasan dare. Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 an sa dokar hana fita da dare fiye da shekara biyu, gidajen rawa suka mutu, makaɗa suka watse zuwa Najeriya da Jamus. Iyayenmu da ke gaba sun gani da idonsu. Saboda haka filin da kuke da shi yau, kada ku raina shi. Mawaƙan VIP na unguwar Nima a Accra sun yi suna a Afirka ta Yamma, amma ba su bar wasan Sallah da suke yi wa unguwarsu ba, wanda ake kira Sallafest.

Kada ka fara da babban filin ƙwallon Baba Yara. Fara da wurin da zai ɗauki mutum ɗari, ka cika shi. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, kowa ya zo da mutanensa, ku raba kuɗin rumfa da kujeru da sifika. Ku tanadi janareto da mansa, kun san halin wuta. In a fili ne ko kan titi, doka ta ce a sanar da 'yan sanda aƙalla kwana biyar kafin ranar. Ku gaida mai unguwa, ku gaida liman, a tsaya lokacin salla, a tashi kafin dare ya raba. In Accra za ku, ku tambayi lokacin da 'yan ƙabilar Ga ke hana kiɗa kafin bikin Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni.

Sai ƙofa. Na taɓa tsayawa a ƙofar wani wasa, wuri ya cika maƙil, har ana hawa katanga. Da aka ƙirga kuɗi bai biya mai sifika ba. Wannan ya ce shi yayan mawaƙi ne, wancan ya ce tare suka yi makaranta, wata ta ce ita ta yi masa goyo. Mai tsaron ƙofa ɗan unguwa ne, wa zai hana? Ku sa baƙo a ƙofa, wanda bai san kowa ba, ku sayar da tikiti ta MoMo tun kafin ranar.

Na'am? Akwai tambaya a baya. A miƙa mata abin magana.

Wata matashiya: Baba, ni wani Alhaji ne ya biya mini situdiyo. Yanzu waƙar ta fara tafiya, ya ce tasa ce, mai kiɗan ma ya ce tasa ce. Ta wace ce?

To, 'yata, kin kai ni na huɗun da nake shirin tsallakewa. Kun rubuta wani abu? Ba ku rubuta ba. Na sani, ba a rubutawa, wai kunya. Waƙa ɗaya haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai baitoci da karin, wannan na wanda ya ƙirƙira ne, ke da mai kiɗan in shi ya tsara kiɗan. Akwai kuma naɗin da aka yi a situdiyo, a nan ne wanda ya ɗauki nauyin aikin yake iya cewa yana da hannu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005, Act 690, ita ke magana a kan wannan. Akwai ofishin haƙƙin mallaka da ake rajistar aiki, akwai GHAMRO mai karɓar kuɗin waƙa daga gidajen rediyo da otal-otal ta raba wa mambobi, ko da yake mawaƙa sun daɗe suna kukan abin da ke zuwa hannunsu kaɗan ne. Akwai kuma ƙungiyar mawaƙa, MUSIGA.

Amma kada ki fara da kotu. Ki samu babba da Alhajin ke jin nauyinsa, kawunki ko malaminku, a zauna ku uku da mai kiɗan. A tambaye shi a gaban mutane: kuɗin nan kyauta ne, bashi ne, ko jari? In kyauta ne, a yi masa godiya. In bashi ne, a sa ranar biya. In jari ne, a faɗi kasonsa da shekara nawa zai ci, a rubuta, kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Kuma shafin da aka ɗora waƙar, da sunan wa aka buɗe shi? Na Alhajin? To wannan shi za ki fara karɓowa, tun kafin a zo maganar kaso. Ki same ni bayan salla da lambar kawun naki.

Malam ya ce an kira Magariba. Masu sauran tambaya su rubuto a takarda su ba yaron nan mai jar hula.