Ga Kashi Ko'ina, Ga Yunwa: Labarin Buzuzun Kurmin Tsauni

Ku dubi wannan ɗan tulin kashi da ke ƙarƙashin bishiya. Biri ne ya sake shi daga sama, ko minti biyar ba a yi ba, amma har baƙi sun fara sauka. Wannan mai baƙin baya da ya faɗo tim, ya kife, ya miƙe, ya nufi tulin kai tsaye, shi ne buzuzu. Kowa ya san shi tun yana yaro, mai mirgina kashi da baya da baya. Sai dai na nan wurin ba irin na bayan garinku ba ne.

Muna kurmin Ngel Nyaki, a kan tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, kusa da ƙauyen Yelwa. Tsayin wurin ya kai mita 1,400 zuwa 1,600 daga saman teku, shi ya sa da asuba sai ka nemi bargo. Kurmin kansa ɗan kaɗan ne, ya maƙale a gangaren tsauni da bakin ƙoramu, ciyawa ta kewaye shi ta kowace fuska, shanu na kiwo a cikinta. A ciki akwai birai iri-iri, har da wanda mutanen yankin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan gindin bishiya.

Buzuzu a duniya ya haura iri 6,000, kuma sana'arsu ta rabu uku. Akwai masu dunƙula kashi su mirgina shi nesa. Akwai masu haƙa rami a ƙarƙashin tulin su riƙa jan kashin ciki, waɗannan su ne suka fi yawa ko da yake ba a cika ganinsu ba. Sai malalatan, masu shiga cikin tulin su yi zamansu, su yi ƙwai a nan.

To ina ruwan kurmi da su? Ku matso kusa da kashin nan. Waɗannan ƙwayoyin da kuke gani 'ya'yan itace ne da birin ya haɗiye. In suka kwana a fili, ɓera da gafiya sun samu tuwo. Amma buzuzu, garin binne abincinsa, sai ya haɗa da ƙwayar ya tura ƙasa. Bai yi niyyar shuka ba, shi dai cikinsa ya sani, amma ya shuka. Ya kuma huda ƙasa ruwa ya samu hanya, ya kai taki wurin saiwa, ya hana ƙuda da tsutsar ciki wurin hayayyafa.

Yanzu ga tambayar da ta kawo mu. Taku kaɗan daga bakin kurmin, kashin shanu ne ko'ina, sai ka zaɓi inda za ka sa ƙafa. Me zai hana buzuzun kurmi ya fito ya ci ya ƙoshi?

Ba zai iya ba, yawancinsu dai. Jikinsa ya saba da inuwa da laima, da sanyin da ba ya sauyawa sosai daga safe zuwa yamma. In ya fito fili, rana ta busar da kashin kafin ya gama aiki, ƙasar da kofato ya daddage ta ƙi haƙuwa, ga kuma buzuzun fili, masu juriyar zafi, sun riga shi isa. Gangarawa ƙasa ma ba mafita ba ce, domin duk mita 1,000 da ka sauko, zafi na ƙaruwa da kusan digiri 6. Saboda haka kowane kurmin tsauni kamar tsibiri yake. Buzuzun da ke kansa kan shafe dubban shekaru ba sa cuɗanya da na tsaunin gaba, har wasunsu su zama iri na daban da ba a samu ko'ina sai a tsauninsu. Wasu, kamar a tsaunukan gabashin Tanzaniya, fukafukansu ma sun shanye, da ƙafa suke neman abinci. Wanda ba ya tashi kuwa, in gobara ta zo, ina za shi?

Madagaska ta nuna inda abin ke ƙarewa. Kusan duk buzuzun tsibirin nasa ne shi kaɗai, kuma da yawansu sun dogara da kashin lemur, wani ɗan'uwan biri da ba shi da gida sai can. Wani masani ɗan ƙasar Finlan, Ilkka Hanski, shi da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna kafa tarko a kurmin tsibirin, suna neman wani dangin buzuzu da masu bincike na da suka taɓa tarawa. A 2007 suka fitar da sakamako: cikin iri 51 da aka sani sosai, 22 ba su sake gani ba. Waɗanda suka ɓace, akasari su ne waɗanda aka fi sare kurmin yankinsu. Shanu kuwa sun fi shekara 1,000 a Madagaska, amma a wannan dangin, waɗanda suka koma cin kashin shanu ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba.

Tarkon da ake maganar ba wani abin a zo a gani ba ne. Kofin roba ne ake binnewa bakinsa daidai da ƙasa, a zuba ruwa da ɗan sabulu, a rataya ƙullin kashi a sama, a dawo bayan kwana ɗaya ko biyu a ƙirga. Sau da yawa kashin alade ake sawa, ko na mutum, domin ya fi jan su. In aka ce maka mai bincike ya ba da gudummawa daga jikinsa, kada ka yi musu.

Mu koma Ngel Nyaki. Ciyawar da ke gefen kurmin ana ƙona ta da rani domin sabon tsiro ya fito wa dabbobi. Makiyayi yana da hujjarsa, ba mugunta ba ce, saniya ba ta cin busasshen kara ta ba da nono. Amma wutar ba ta san iyaka ba, kowace shekara sai ta lashi bakin kurmin, shanu su biyo baya su tattake 'yan tsiron da suka tsira.

Masu aikin kare kurmin, ƙarƙashin jagorancin Hazel Chapman ta Jami'ar Kantabari da ke Niyu Zilan, tare da ma'aikata 'yan yankin, sai suka kewaye wasu wurare a bakin kurmin da waya, suka share hanyar tare wuta. Ba shanu, ba gobara. Wani ɗalibi, Andrew Barnes, ya jera tarkonsa daga tsakiyar kurmi har cikin ciyawa, a inda aka killace da inda ba a killace ba. Shekara uku kacal da sa wayar, bishiyoyi ba su ma tashi ba tukuna, ciyawa ce ta yi tsawo ta yi duhu, amma buzuzu ya ƙaru a wuraren da aka killace, duk da cewa a nan ne aka hana saniya shiga ta yi kashi.