Darasin Kimiyya: Galiyam da Tsinken Awon Zafi

Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Kaduna. Darasinmu na yau kan galiyam ne, ƙarfen da ke maye gurbin zaiba a tsinken awon zafin jiki.

Ƙarfe ne fari mai sheƙi, lambarsa 31 a jadawalin sinadarai, kuma wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, shi ya gano shi a 1875. Yana narkewa a digiri 29.76 na Salshiyos. Jikin mutum kuwa 37 yake, saboda haka in ka dunƙule ɗan gutsurensa a tafin hannu, jim kaɗan ka buɗe, sai ka tarar da ruwa yana ƙyalli. A zafin Maris da Afrilu na garin nan, ko a kan tebur ka bar shi zai narke don kansa. Tafasa fa? Sai ya haura digiri 2,000, alhali zaiba tana tafasa a 357. Wannan tazara ce ta sa ake zuba shi a bututun gilashin kwaz, wani irin gilashi mai jure zafi, don auna zafi mai tsanani.

To, a saurara da kyau nan, don nan ne matsalar take. Galiyam zalla bai dace da tsinken asibiti ba. Da sanyin hunturu zai daskare, kuma in ya daskare kumbura yake da wajen kashi 3 cikin 100, sai ya fasa bututun. Maganin shi ne a gauraya shi da wasu ƙarafa biyu: galiyam kashi 68.5, indiyam 21.5, kuza 10. Sunan haɗin galinstan, kuma ko a cikin firij ruwa yake zama.

Matsala ta biyu, yana manne wa gilashi. Zaiba gangarewa take sumul, shi kuwa sai ya shafe bangon bututun, ka kasa gane inda layin ya tsaya. Shi ya sa masana'anta ke shafe cikin bututun da siririn rufi kafin a zuba shi.

Yanzu ga yadda ake aiki da tsinken galinstan. Riƙe tsinken ta sama, ka yarfa hannu da ƙarfi har layin ya sauko ƙasa da 36. Ya fi na zaiba taurin kai wajen saukowa, musamman da sanyin safiya. Ɗumama shi a hannu tukuna. Awo kan fita ba daidai ba in an sa tsinke ba a sauko da layin jiya ba. Goge hammata ta bushe, sa kan tsinken a tsakiya, a matse hannu minti biyar. Wajen karantawa, kawo shi daidai ido, ka juya a hankali har layin ya bayyana.

In ya fashe, ba ya fitar da tururi mai guba irin na zaiba. Sa safar hannu, tsince gilashin, goge wurin da ruwan sabulu. Amma kada galinstan ɗin ya taɓa alminiyam. 'Yan'uwa masu zubin tukwane a Panteka, wannan taku ce: ɗigo guda a kan alminiyam da aka karce zai ratsa cikinsa, bayan 'yan awoyi ka matsa da yatsa ya ruguje. Ajiyar galiyam kuma a roba, ba a kwalba ba.