Sabuwar Bindiga Ta Ƙi Fitar da Kwanso: Fara Duba Kwanson Kansa

Ka harba, ka ja sakata baya, amma kwanson harsashi ya liƙe a cikin bindiga. Sabuwa fil, ko harsashi ashirin ba ta ci ba. Dakata, kada ka nemo guduma.

Da farko juya bakinta inda babu kowa, cire gidan harsashi, yatsa nesa da kunama. Idan abin da ya maƙale harsashi ne da bai tashi ba, aikinka ya ƙare nan, sai mai gyaran bindiga. Idan kwanso ne fanko, zura sandar goge bututu ta baki, ka tura a hankali har ya faɗo.

To, ɗauko kwanson nan ka kai shi haske, shi zai ba ka labari.

Dubi gefen gindinsa, inda ƙugiyar sakata mai janyo kwanso ke kamawa. Ka ga an yage ɗan yanki? Ke nan ƙugiya ta yi aikinta, kwanson ne ya ƙi sakin makwancinsa, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu. Idan kuwa gefen lafiya lau, ko ƙarzane babu, ƙugiyar ce ba ta kama ba, ko datti ya shiga ƙarƙashinta, ko sifirin ɗinta ya yi sanyi.

Sai jikinsa. Zobe-zoben ƙarzane na nuna makwancin harsashi bai samu gugar kirki a masana'anta ba. Amma kafin ka zargi masana'anta, ka wanke ta kuwa? Sabuwar bindiga da man hana tsatsa take zuwa, mai kauri. Zafin harbi ya narkar da shi, ya haɗu da baƙin albarushi, ga ƙurar hunturu, sai ya koma kamar ƙaro. Mutane da yawa daga kwali sai daji. Buroshi da man wanki, ka goge makwancin ya bushe ƙayau, sau da yawa shi ke nan.

Yanzu karanta rubutun da ke jikin bututu. Idan an rubuta .223 Remington, kai kuma ka sa harsashin 5.56, ga matsalar. Ido ba ya bambanta su, amma 5.56 a makwancin .223 yana ɗaga ƙarfin fashewa fiye da kima. Alamarsa: sakata ta yi nauyin ɗagawa, ɗan maɓallin gindin kwanso ya baje. Ka ga haka, tsaya da harbi. Kwanson ƙarfe mai araha ma ya fi na tagulla liƙewa, don tagulla tana kumbura ta koma, ƙarfe kuwa da ƙyar.

Masu bindiga ƙirar Mauser ta 1898, ku riƙa loda ta daga gidan harsashi. Babbar ƙugiyarta daga ƙasa take karɓar harsashi. Jefa shi kai tsaye cikin makwanci a rufe sakata da ƙarfi yana iya lahanta ƙugiyar.

An wanke, an canza harsashi, har yanzu ana ganin ƙarzanen? Kada ka sa takardar yashi. Zuba kwanso uku a leda, haɗa da rasit, ka mayar wa dillali.